Dokin Isiya

Akwai ranar da har gobe ba zan manta da ita ba a shekarun da na yi ina aikin ɗakin magani, kuma tunda kun matsa sai na ba ku labari kafin a tashi, ita zan ba ku. Ranar kasuwar Kurfi ce, da kaka, ana tsakiyar girbin gero. A lokacin ba a daɗe da buɗe ɗakunan magani na En'e, wato hukumar Sarki, a ƙasar Katsina ba, mutane suna ganinmu suna kauce hanya, sai wanda ciwo ya ci ƙarfinsa yake zuwa.

Bari in fara da yadda aikin yake, don ku 'yan yanzu kun tarar da abu a dafe. A sama akwai Likita, Bature ne, yana zaune a Katsina, sai ya fito rangadi muke ganinsa. A Dutsin-Ma akwai Malam Sa'idu, babban malamin ɗakin magani, shi ke riƙe da makullin magunguna, shi kaɗai aka yarda ya yi allura. Sai ni, Bawa, ƙaramin malami, aikina wankin miki da ɗaure shi. Duk ranar kasuwar Kurfi nakan ɗaure akwati a bayan keke tun da sassafe, in je in kafa a gindin wata tsamiya. In tafasa ruwa, in zuba wani magani da ke mai da shi kamar ruwan baba, in jera maganin aidin da auduga da bandeji. Bandeji ne ya fi yi mana ƙaranci. Mukan wanke, mu tafasa, mu shanya, mu sake naɗewa, har sai ya zama tsumman da ko mahaukaci ba zai ɗauka ba.

Doka ɗaya ce ba a wasa da ita. Gyambon da ya ci har ya kai ƙashi ya fi ƙarfinmu, sai a kai mutum Katsina. A can kuwa in abin ya ƙi, ƙafar ake cirewa. Kowa ya san haka, shi ya sa masu gyambo suka fi kowa iya ɓuya.

Cikin masu zuwa wurina akwai wasu yara biyu daga Tamawa, wa da ƙane, 'ya'yan wani mai fataucin hatsi ana kiransa Malam Haladu. Ƙaramin, Isiya, bai wuce shekara bakwai ba. Shan inna ya shanye masa ƙafafu tun yana ƙarami, da rarrafe yake yawo a gida, rarrafen nan shi ke fasa masa gwiwoyi, su nake wankewa. Babban kuwa Lawal, ɗan shekara goma sha huɗu haka, shi ke goyo shi tun daga Tamawa, ya ɗaure shi da majanyi kamar yadda mata ke yi.

Isiya dai abin da ya rasa a ƙafa an ƙara masa a baki. Tun daga bakin kasuwa za ka jiwo muryarsa yana, "A ba doki hanya! Sarki ya iso!" Mahauta su yi dariya, masu ƙosai su miƙa masa. Ni kuma ya sa mini suna Malam Mai Ruwan Baba, ya ce in an kore ni daga asibiti in je marina, ba zan rasa aiki ba. Lawal kuwa ba ka jin bakinsa. Zai sauke ƙanensa a kan tabarma, ya gyara masa zama, ya koma bayan tsamiya ya jingina. Kullum da dogon wando har idon sawu, alhali sa'o'insa duk da bante suke yawo. Ni a zatona tsabar natsuwa ce ta ɗan gidan mutunci.

To, a ranar da nake ba ku labari, ina durƙushe ina wanke gwiwar Isiya, sai na ji ya yi shiru, abin da bai saba ba. Can ya jawo hannun rigata.

Ya ce, "Malam, matso da kunnenka. Yau ba ni ba ne maras lahiya. Dokina ne."

Na ce, "Wane doki kuma?"

"Yaya mana. Shina ɗingishi tun damina. Ni ke bisa, ni ke ji. In ya taka ta hagu sai ya ɗauke numhwashi. Don Allah kada ka ce ni na hwaɗi."

Na gama ɗaure shi, na kira Lawal na ce ya zo ya riƙe mini kwano. Da ya matso sai na ji warin, na kuma ga ƙudaje suna bin ƙafar wandonsa. Na ce ya zauna ya naɗe. Ya ce ba kome. Na ce ai ban tambaye shi ko da kome ba, naɗewa na ce. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ja wandon sama a hankali.

Na ga gyambo iri-iri a wannan aiki, amma wannan sai da gabana ya faɗi. A ƙwaurinsa yake, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro, ya lulluɓe shi da ganye da tsumma. Kututturen dawa ne ya soke shi tun farkon damina. Ban ga ƙashi ba, amma saura kaɗan. Yaron nan da wannan ƙafa yake goyon mutum ya zo, ya goya shi ya koma, ban da kai shi makarantar allo da bayan gida da duk inda ya ce zai je.

Na wanke, na ɗaure, na gaya masa gaskiya. Na ce wannan ba ya warkewa sai da kwanciya. Sai ya zo Dutsin-Ma ya zauna a rumfar majinyata, kullum a wanke, kada ya taka sai dole. In ba haka ba, ƙafar ba tasa ba ce.

Ya ce, "In na kwanta, wa zai ɗauke shi?"

Na ce, "Gidanku babu kowa sai kai?"

Ya durƙusa, Isiya ya hau, suka kama hanya. Ran nan babu wanda ya ji ana a ba doki hanya.

Da na tashi aiki ban koma Dutsin-Ma ba, sai na karkata keke zuwa Tamawa. Malam Haladu ya karɓe ni a zaure, aka kawo fura. Mutum ne kamili, mai magana a hankali. Ina yi masa bayani ina jin uwar yaran tana daka a cikin gida, bayan danga. Da na zo kan maganar ƙashi da Katsina, sai dakan ya tsaya cak. Bai ci gaba ba har na bar gidan.

Malam Haladu ya riƙe haɓa, ya yi salati. Ya ce, "Wallahi Malam ban sani ba. Idona duka biyun suna bisa ƙaramin. Wancan kau tunda shina tahiya da ƙahwahunshi, sai na ɗauka lahiya lau."

Kun ji ya ce wancan. A nan ne sai na tsaya in yi wa yaran cikinku bayani, don na ga yanzu har rungumar 'ya'yan fari kuke yi a bainar jama'a. Lawal ɗan fari ne. A wancan zamani uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, uba ma haka ko da bai kai na uwa ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma matar da ta karya ta ta shiga bakin matan gida har ta tsufa. Amma mutanen lokacin ba su bar ɗan fari a banza ba. Da an yaye shi sai a kai shi riƙo wurin kaka ko gwaggo, a can ake shagwaɓa shi, a can ake kiran sunansa har da kirari. Lawal ma haka aka yi masa, a Birchi ya tashi wurin kakarsa ta wajen uwa. Sai da Isiya ya yi nauyin da uwar ba ta iya goyonsa, kuma ita ba ta fita, aka je aka ɗauko shi. Wato an raba shi da gidan da aka yarda a so shi a fili, an kawo shi gidan da ba a yarda ba, aka ɗora masa mutum a baya.

Aka kira Lawal, ya zo ya durƙusa a bakin zaure. Uban bai dube shi ba, ni ya duba. Ya ce, "Malam, ka ce mishi shi bi abin da ka ce." Na juya na maimaita, kamar tafinta a gaban alƙali. Lawal ya ce, "To." Na hau keke na tafi ina ganin na gama aiki.

Na yi ta zuba ido a Dutsin-Ma, shiru. Kasuwa ta zagayo, na kafa akwati a gindin tsamiya, ina ɗaga kai sai ga shi tafe, Isiya a bayansa. Yanzu ɗingishin ko makaho ya ji shi a ƙasa.

Ku da kuka yi aiki da ni kun san ba ni da dogon haƙuri. Na tashi na yi faɗa har masu tallan goro suka taru. Na ce shi wane irin taurin kai ne, ubansa ya yi magana, ni na yi magana, so yake sai an ba shi ƙafar a ƙunshe ya kai gida? Ya bar ni har na gaji. Da na kwance ɗaurin na ga bakin mikin ya ƙara faɗi, sai faɗan ya mutu a bakina. Na sallami mutane, na zauna kusa da shi, na tambaye shi a hankali me ya hana shi zuwa.

Ya ce, "Ita ba ta ce in kwanta ba."

"Wa?"

"Ta cikin gida. Da sahe ta aza majanyi bisa turmi inda take aza shi kullum, ta shige ɗaki. To mi ke nan? Ai don wanga aiki aka ɗauko ni daga Birchi. Ba don in kwanta ba."

Isiya ya fashe da kuka. Ya ce ai shi ne ya ƙi yarda 'ya'yan baffansu su ɗauke shi, don ɗayansu ya taɓa kayar da shi a kan dutse. Lawal ya ce masa ya yi shiru, ya share masa hanci da bakin rigarsa. Ina da maganin miki a akwati, amma yaron da ya gaskata cewa shi jakin gidansu ne, ban san da me ake wanke wannan ba.

Washegari na kai wa Malam Sa'idu magana. Allah Ya jiƙan Malam Sa'idu, shi ne ya mai da ni mutum a wannan aiki. Ya saurare ni yana goge allurai, bai katse ni ba. Ya tuna mini cewa Likita zai fito rangadi bayan an ga wata, in ya tarar da gyambon a haka zai ce a wuce da yaro Katsina, kuma ba mu da bakin musu. Na ce to a sa dogarin Hakimi ya ɗauko shi da ƙarfi.

Ya ce, "Ka ɗauko shi da dogari, shi gudu da ƙahwa ɗaya. Bawa, uwar nan da kake jin haushinta, ka tabbata ta ƙi shi ne?"

Na ce, "Ai ko kalma ba ta ce ba."

"Ka ce dakan ya tsaya."

"Ya tsaya."

"To ta yi magana, kai ne ba ka ji ba. Iyayen nan ba mugaye ba ne, kaya ne ya yi masu yawa, kunya kuma ta ɗaure masu baki. Ba hwaɗa suke bukata ba, wanda zai ara masu baki suke bukata. Ɗan hwari uwa biyu gare shi. Je ka Birchi ka nemo ta biyun. Ni zan riƙe maka wankin miki."

Babban malami ya durƙusa yana wankin miki a madadin ƙaraminsa, wannan ba a saba gani ba. Bai kuma taɓa goranta mini ba.

A Birchi na sami Iya Kande tana sussukar gero a ƙofar gida, 'yar tsohuwa ƙarama, amma muryarta ta fi ta sanƙira. Tun kafin in kai ƙarshen bayani ta yar da abin da ke hannunta. Ta ce, "Mijina? Mijin nawa za a yanke ma ƙahwa ina zaune? Na ba su aron miji lahiyayye, su mai da mini shi a kan sanda? A ɗaura mini jaki!" Kun san wasan kaka da jika, ita haka take kiransa tun yana zanen goyo.

Da muka isa Tamawa, Malam Haladu na ganin surukarsa ya zame daga kan buzu ya durƙusa, kansa a ƙasa. Ta wuce shi ta shiga cikin gida. Ban san abin da suka yi da ɗiyarta ba, ni dai na ji muryar tsohuwa ta tashi, ta sauka, daga baya na ji shessheƙar kuka wadda ba ta tsohuwa ba. Da ta fito idonta ita ma ya yi ja. Ta zauna a bakin zaure ta ce a kira baffannin yaran, a yi magana a gaban Malamin asibiti.

Maganar da aka yi ba wata mai tsawo ba ce. Na ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gida mai samari har huɗu bai kamata a ce baya ɗaya ne ke ɗaukar Isiya ba. Baffannin suka ce su ai ba a taɓa tambayarsu ba, sun ga abu yana tafiya sun zuba ido. Aka raba: wannan ya kai shi makarantar allo, wancan ya dawo da shi. Tafiya mai nisa kuwa Malam Haladu da kansa ya kawo dabara, da yake mai jakai ne. Ya ce a sa Isiya a gefe ɗaya na mangala, a zuba gero a ɗaya gefen daidai nauyinsa. Iya Kande ta ƙara nata sharaɗi: in mijinta ya warke, duk bayan girbi zai zo Birchi ya yi mata kwanaki, ya ci ya sha ya yi wasa da sa'o'insa, ba goyo ba aike. Malam Haladu ya ce, "An yi, Iya." Da ta ce ya ba ta jakan duka ma, an yi zai ce.

Aka ɗauko Isiya aka gwada shi a mangala. Ina jiran ya yi gardama, sai ya leƙa ɗaya gefen ya ce, "Ashe duk sarautata ban wuce 'yan tiyoyin gero ba." Aka yi dariya. Ya dafa wuyan jakin ya ce wannan dokin bai kai na da ba, amma zai yi haƙuri da shi.

Da haka aka ɗora Lawal a kan jaki zuwa Dutsin-Ma, Iya Kande na biye da tukunyarta. Sai dai kada ku ɗauka an gama. Jikinsa ne ya zo, hankalinsa na Tamawa. Ba ya cin abinci sai ta yi da gaske. Tsokanar da take yi masa ba ta sa shi ko murmushi. Da na juya baya sai in gan shi tsaye a bakin rumfa yana kallon hanyar Kurfi, a kan ƙafar da na ce kada ya taka. Iya ta gaya masa uwarsa ta yi kuka, ya ce ai Iya ce ta sa ta. Mikin ya tsaya, bai ci gaba ba, bai kuma ja da baya ba. Wata safiya na tarar ya ƙulle 'yan kayansa ya tura ƙarƙashin tabarma. Na san in ya sami sarari zai tafi, ga wata ya kusa tsayawa.

A ranar da hantsi sai ga Malam Haladu da jakansa, zai wuce da hatsi wata kasuwa. Bai shiga rumfar ba. Ya kira ni gefe, amma gefen da ya zaɓa bai fi taku kaɗan daga inda ɗansa ke kwance ba. Ya ciro wani ƙunshi daga aljihun riga ya miƙo mini, ya ɗaga murya fiye da yadda ya saba.

Ya ce, "Maiɗakina ta ce a kawo ma asibiti. Ta ji an ce kuna ƙarancin abin ɗaure ciwo. Sadaka ce. Ta ce a ɗaure ma duk wanda Allah Ya ba."

Na kwance. Ku da ba ku san zanen saƙi ba, ba falle ɗaya ake saƙa shi ba. Sirara-sirara masaƙa ke fitar da shi, faɗin 'yan yatsu, sannan a jera a ɗinke ya zama zane. To matar nan zama ta yi ta warware ɗinkin zanenta kaf, zare bayan zare, ba ta yaga ko ɗaya ba. Ta wanke, ta naɗe kowane ɗaya tamkar ta taɓa ganin yadda muke naɗe bandeji. Fari ne tas, da ɗan ratsin ja a baki. Ban taɓa riƙe abin ɗauri mai kyansa ba.

Na tafasa, na shanya. Da la'asar na zo wankin Lawal, na ɗauko ɗaya na fara naɗa masa. Ina zagaye na biyu sai ya riƙe mini hannu. Ya kafa wa ratsin jan nan ido.

Ya ce, "Malam, ina ka samo wanga?"

Na ce, "Sadaka aka kawo daga Tamawa. An ce a ɗaure wa duk wanda Allah Ya ba."

Iya Kande ta leƙo, ta kama baki. Ta ce, "La ilaha illallahu. Zanen Sallarta ne. Ni na kaɗa zaren da hannuna sa'ad da za a kai ta ɗaki. Ba ta da wani bayan shi." Ta juya kan jikanta. "To, mai gidana, ka ji. Kana jiran ta kira sunanka? Ba za ta kira ba har ta mutu, ni ma ban taɓa kiran na babban kawunka ba. Ga abin da ta iya. In ka ga dama tashi ka taka shi cikin ƙasa har Tamawa."

Lawal ya saki hannuna, na ƙarasa ɗaurin. Ya kwanta ya juya fuska wajen zana, kafaɗunsa suna rawa. Na ja Iya muka fita muka ba shi wuri. Ni kaina sai da na je bayan ɗaki na wanke fuska, na ce wa Malam Sa'idu hayaƙin murhu ne. Ya ce lalle, hayaƙin yau da yaji yake.

Tun daga ranar yaron nan bai sake taka ƙafar ba sai dole. Ya kwance ƙullin kayansa. Ya fara cin tuwo har yana neman ƙari, ya fara rama tsokanar Iya, yana ce mata in ya tashi amarya zai yi mata. Abu ɗaya ne bai yarda da shi ba: a ɗaura wa wani majinyaci ko da ɗaya daga cikin zanen. Shi ke ƙirga su in an shanya. Na ce masa ai sadaka ce ta kowa. Ya ce, "Malam, kai ma ka san ba ta kowa ba ce."

Da Likita ya iso, ya sa na kwance, ya duƙa ya daɗe yana dubawa. Jan nama mai kyau ya taso, bakin mikin ya fara haɗewa. Ya ce ta bakin Malam Sa'idu a ci gaba da abin da ake yi, ba sai an je Katsina ba. Ya ɗaga abin ɗaurin ya juya shi, ya tambaya daga wane kanti muka samo. Malam Sa'idu ya ce ba a sayar da irinsa.

Kafin sanyi ya wuce Lawal ya koma gida da ƙafafunsa biyu, sai tabo. Ya roƙe ni zanen, na wanke na ba shi duka. Maganinmu ya riga ya ɓata shi, dabbare-dabbare, wani wuri ruwan ƙasa, wani wuri shuɗi-shuɗi, ba sabulun da zai fitar.

Na ci gaba da ganinsu shekaru. Isiya ya koyi ɗinkin hula, ya kafa rumfa a kasuwar Kurfi, bakin nan nasa ya fi allurarsa kawo masa ciniki. Lawal ya gaji uban a fataucin hatsi. Yakan ɗauki ƙanensa har bayan ya yi gemu, amma sa'ad da ya ga dama, ba don babu wani ba. In na tuna da su, godiya nake yi: ga Malam Sa'idu da ya hana ni kiran dogari, ga Iya Kande, ga yaron da ya ji ɗingishin da mu masu ido ba mu gani ba, ga kuma matar da ban taɓa ganin fuskarta ba.

Abin da na ɗauka daga wannan, wanda nake so ku ma ku ɗauka, shi ne duk gidan da ke da yaro mai lalura, akwai wani yaron da ke tsaye a bayan tsamiya. In an kawo muku majinyaci, ku gama da shi, sannan ku dubi wanda ya kawo shi ku ce, kai fa? In kun tarar an manta da shi, kada ku yi saurin zagin iyaye. Yawancinsu suna so, gajiya ce ta rufe musu ido, ko kuwa ba su san ta inda za su faɗa ba. Ku taya su raba kayan, ku nemo musu wanda zai faɗa a madadinsu.

Isiya ne ya ba ni ƙarshen labarin, yana cikin mangala, bayan Sallah. Ya ce uwarsu ta zauna ta sake ɗinke zanen nan, ta haɗa siraran ɗaya bayan ɗaya, ranar idi ta ɗaura shi da dabbarensa ta fito tsakar gida. Matan baffanninsu suka ce, haba, wannan wane irin zane ne da Sallah? Ta ce mutanen asibiti ne suka ɓata mata shi. Lawal na zaune a bakin ƙofa yana cin tuwo. Ba ta dube shi ba, shi ma bai ɗago ba. Isiya ya ce shi dai bai taɓa ganin mutum yana cin tuwo yana murmushi haka ba.